Hannun Hagu a Tirenmu

Shekarar da na fara aiki a wani kamfanin roba a Challawa, injin da aka ɗora ni a kai bai daɗe da cin hannun mutum ba. Wani dattijo ne ɗan Nijar, ya fi shekara goma yana buga cokula a kansa. Roba ta maƙale, ya zura hannu zai ciro, injin ya rufe. Hannun dama ne, tun daga wuyan hannu. Aka wanke ƙarfen da ruwa da sabulu, bayan kwana biyu aka ce in hau.

Wallahi tsoro nake ji. Duk sanda bakin injin ya haɗu, har cikin haƙorana nake jin sa. In na shiga adaidaita zuwa Panshekara, tsakanin cinyoyi nake cusa hannuwana. In ina alwala, ƙirga yatsuna nake yi kamar wani zai sace ɗaya.

Bayan wata uku dattijon ya dawo. Suka ba shi tsintsiya, wai taimako. Yana share harabar kamfani, dungun hannun a naɗe da tsumma, ni kuwa duk inda na juya sai idona ya faɗa kansa. Na tsane shi. Bai yi mini komai ba, har "ɗana" yake ce mini, amma na tsane shi.

Mu shida muke cin abincin rana a tire ɗaya, garau-garau, wato shinkafa da wake, daga wajen wata mai abinci a bakin ƙofa. Dattijon ne ya fara haɗa wannan cin tare, tun kafin a ɗauki yawancinmu aiki. Ranar da ya dawo, wani ya zuba masa ruwa ya wanke hannu, ya tsuguna a gurbinsa, ya yi bismilla, ya miƙo hagu.

Kowa ya tsaya cak. Sai ni, sarkin baki, na yi caraf.

"Haba Baba! Hannun da kuke tsarki da shi za ku sa mana a abinci?"

Ya ce a hankali, "To ɗana, da wanne zan ci?"

Na san lalura ce, ba sai malami ya gaya mini ba. Wani ɗan Jigawa ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah," amma shi ma ya janye hannunsa daga tiren, a kan idona. Na laluba aljihu, na ciro cokalin roba, cikin waɗanda injina ya ɓata da safe, na jefa wa dattijon a gabansa.

Na ce, "Ga shi. Ai kun san inda aka buga shi."

Mutum biyu suka tuntsire da dariya. Shi kuwa ya ɗauki cokalin, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya shafa gefensa da babban yatsa.

Ya ce, "Ka ga robar nan da ta zubo ta gefe? Injin ya fara cijewa ke nan. Haka ya riƙa fitar da su satin da ya cinye ni."

Na ce, "To Baba, yaya ake yi?"

Ya ajiye mini cokalin a kan shinkafar, ya miƙe, ya ɗauki tsintsiyarsa.

"Ci abincinka, ɗana. Ci da hannunka na dama tun yana jikinka."

Na bi shi har bayan janareto ina ta "Baba, don Allah, Baba." Ko waiwayowa bai yi ba, kuma bai sake zama a tirenmu ba. Aka buga ƙararrawar komawa aiki. Na je na tsaya gaban injin, ko loma ban kai baki ba.