Rawanin Alhaji a Fadar Sarkin Romaniya

Kaka ce, ganye na ta zuba, shekarar kuma ta zo mana da sauƙi, ba ciwo ba rashi. Sai ga ɗana Nasiru da albishir, wai a wasan kwaikwayon jami'arsu shi aka ba sarautar Romaniya ta zamanin da. Ya roƙi aron rawanin babansa. Maigidana Alhaji ya yi tafiya, rawanin kuma gadon mahaifinsa ne, sai ranar idi yake fitowa daga akwati. Na ce sarki ba ya zama kai ba lulluɓi, na miƙa masa a ɓoye.

Daga Park Hill

Ranar Asabar ina idar da asuba na hau bas daga unguwarmu Park Hill zuwa bakin ruwa. Direban ya ga leshina ya tambaya ko biki za ni, na ce masa naɗin sarauta. Jirgin ruwan da ke tsallakar da mu kyauta ne, sai dai iskarsa ba ta da kunya. Daga nan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tsaye har yankin Bronx.

Highbridge

Na biya unguwar Highbridge na ɗauki Hajiya Ladi, ƙawata 'yar Zangon Kumasi, wadda ba a kai ta guɗa. Ta cika ni da shinkafa da wake, muka gangara tudunsu muna haki.

Zauren wasa

Nasiru ya fito da gashin baki kamar igiya, kansa da jar hula, ba rawani. Hajiya ta rangaɗa guɗa, Turawa suka waiwayo. Ashe sarkin nan mugu ne na ƙin ƙarawa. Ɓarawo a soke shi a kan gungume, maƙaryaci ma haka, har bayan gari ya zama dajin gawawwaki. Guɗar Hajiya ta ɗauke kamar ruwan sama.

Can sai ga jakadun Turkawa, cikinsu wani dogon Bature sanye da rawanin Alhaji. Sarki ya ce su cire, suka ce al'adarsu ta hana. Ya ce to bari ya ƙarfafa musu al'adar, a kawo guduma da ƙusa a kafe musu rawunan a ka. An ce akwai katako a ƙarƙashi, amma ni kowane bugu a ƙirjina ya sauka.

Hajiya ta raɗa mini, "Ƙawata, wannan tarbiyyar a gida ya samo ta?"

Wata tsohuwa 'yar Romaniya da ke gefena ta ce a ƙasarsu wasu gwarzo suke ɗaukarsa, don ya kori mahara, sata ta ƙare. Na ce mata a hankali, in an soke kowa, wa ya rage da zai yi satar?

Gida

Mun iso lafiya, alhamdulillahi. Nasiru ya ce ai ƙusoshin ƙanana ne. 

Washegari na ɗauko allura da farin zare, na zaunar da mai martaba a tabarma, na ce sai ya ɗinke ramukan rawanin nan kafin ya karya kumallo.