Neman Magajin Sarkin Maƙera a Riyad

Daga gida zuwa Kano

Ko ladan bai taɓa lasifika ba na fito da jakata. Sarkin Maƙeran garinmu, mijin yayata, shi ya aike ni. Tsufa ya cim masa, ido ya tafi, ga Hakimi ya aiko cewa a fito da magaji kafin azumi, in ba haka ba sarautar ta koma gidan maƙeran Gabas. Ɗansa namiji guda ne, Habibu, injiniya a Riyad, wanda da an taɓo masa maganar a waya sai layi ya lalace. Aka ce ni kawunsa kaɗai zai ji kunyata, Habibu kuma ya aiko mini da bizar ziyara ba tare da ya san abin da ke tafe da ni ba.

A shingen farko ɗan sanda ya leƙo motar. "Baba, Umara za a je?"

"A'a, sarki zan ɗauko."

Ya dubi jakata ya ce, "A cikin wannan?" Duk motar aka kwashe da dariya.

Manfuha

Da la'asar muka sauka Riyad. Habibu na wajen aiki bayan gari, sai ya turo Bala, wani direba ɗan Gusau. Bala bai bar ni na kalli gari ba, tun daga filin jirgi yake ba ni labarin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da ta kusa ƙarewa, da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, da ba ya ɗaga waya. A unguwar Manfuha na kwana, ɗakin da su Bala suke haya su da yawa, katifa na gogar katifa. Suka yi mini tuwon shinkafa miyar kuka, na ci har na ji kunya.

Al-Shifa

Washegari Habibu ya ɗauke ni zuwa gidansa a unguwar Al-Shifa. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu. Na miƙa wa babban ɗansa hannu na ce, "Maigida, ina gajiya?" Yaron ya dubi ubansa ya yi Larabci. Raina ya sosu ƙwarai.

Bayan mun ci kabsa, shinkafa da naman Larabawa, na faɗi saƙo. Habibu ya sunkuyar da kai. "Kawu, wallahi ban iya riƙe masaba ba. In na koma, rawani zan naɗa in zauna ina kallon mutane suna aiki? Khalas, shi ke nan, a yafe mini."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo sunan kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗago ba.

Bayan gari

Ran Juma'a ya ja ni wata istiraha, irin gidan shaƙatawar da suke haya a bakin sahara, inda abokan aikinsa ke gasa rago. Can na haɗu da wani dattijon Bature ɗan Ingila, dogo, mai jan wuya kamar zakara. Abu Sara suke kiransa, wato baban Sara, don 'ya ɗaya gare shi. Da Habibu ya gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya jawo kujera kusa da ni. Habibu ya zama tafinta.

Ya ce su ma gidan kakansa na wajen uwa gidan sarauta ne. Kakan kakanninsu ya tara wa sarkin Ingila mayaƙa, aka saka masa da sarautar Baron, aka rubuta cewa 'ya'yansa maza kaɗai za su gada, su da 'ya'yansu maza. Ta bi daga uba zuwa ɗa. Wani ya mutu a yaƙi bai yi aure ba, ta koma wa ƙanensa. Wani ya cinye gonakin a caca, amma sarautar ta tsaya. Har ta iso kan kakansa, wanda ya haifi mata uku.

"To sai aka naɗa wa?" na tambaya.

"Ba kowa. Ta mutu tare da shi."

Na gyara zama. Ni dai ban taɓa jin sarauta ta mutu ba. "Ba ɗan ƙane? Ba wani ɗan'uwa a ƙauye?"

"An bincika, babu."

"Kai fa? Ba jikansa ba ne?"

"Ɗan mace ne ni."

"Sarkinku bai ba wa wani gida ba?"

Ya girgiza kai. Ya ce sarki na iya ƙirƙiro sabuwa da wannan sunan, amma tasu ta tafi ke nan. A cocin ƙauyensu an rataye allo mai tambarin gidan, an zana ƙoƙon kan mutum a ƙasa, alamar zuri'a ta ƙare. Ya ce yana yaro uwarsa kan kai shi ya gani, ita kuma ba ta ɗaga kai ta kalla.

Sai shi ma ya juyo da tambaya. "Yanzu wa ke hura wuta a maƙerarku?"

Na ce Sale, ɗan Hajara, babbar 'yar Sarkin Maƙera. Magidanci ne, duk garmar garin shi ke ƙerawa.

"Dokarku ta hana shi?"

Na ce a'a. Babu inda aka rubuta. Ba a dai saba ba ne.

"Mu takarda ce ta kashe tamu," in ji shi. "Na roƙi lauyoyi, suka ce ko harafi ba ya gogewa. Ku da ba ku da takardar, me zai kashe taku?"

Na ci gaba da cin nama.

Komawa gida

Bala ne ya mayar da ni filin jirgi, har yanzu kafili bai ɗaga waya ba. Na iso garinmu da hantsi, na zarce wajen Sarki da ƙurar hanya a jikina. Yana zaure, ana jiyo bugun ƙarfe daga maƙera.

"Kai kaɗai nake jin takunka," ya ce.

"Ni kaɗai ne, ranka ya daɗe."

Ya tambaya ko Habibu na cin abinci, na ce har ya yi tumbi. Sannan na kwashe labarin Bature na ba shi, har da allon. Na ɗauka ma zai yi fushi.

"Kana jin wannan bugun?" ya ce. "Tun da idona ya tafi, sau nawa nake zaton hannun babana ne. Je ka ce wa Sale ya wanke hannu ya sa riga, za mu gidan Hakimi."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bala da mutanen Manfuha, da Habibu da bai yi mini ƙarya ba. Abu Sara kuwa, na sa Sale ya ƙera masa wuƙa, da tambarin gidan Sarkin Maƙera a jikinta.