Tari a Bugun Legas

Wauta dai na tafka ta, kuma da furfurata har a gira. A garin da mutane ke sayar da gona don su zo su yi 'yan kwanaki, ni na ɓata kusan shekara ina kishin wani bawan Allah a kan ƙarar kujera. Kujerar ma ta wani Bature ce mai buga ganga, wanda ban san ko yana raye ba.

Karatun boko ban yi nisa ba, malamin ajinmu ma ya ji daɗi da na daina zuwa. A shagon wani mai gyaran rediyo a Sabon Garin Kano na girma, a can kunnena ya kamu da kiɗan nan na Turawa masu dogon gashi, wanda ake ce wa rok, jita na kuka kamar an taka wutsiyar mage. Ban san abin da suke faɗa ba, har gobe ban sani ba. Da albashina na fari na sayi faifansu guda, bugun Legas, mai hoton wata jar ƙofa a jikin kwalin. Da na taho Makka aikin gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a cikin bargo na naɗo shi, a ƙasan akwati.

Mu uku ne masu wannan cuta. Akwai Ustaz, haifaffen nan, kakansa ne ya tako daga Sakkwato da ƙafa. Ya yi ritaya daga aikin ofis, yana zaune a unguwar Shisha, Hausarsa rabi Larabci ce. Akwai wani tela Badamagare mazaunin unguwar Tandabawi, wanda ba ya kirana da komai sai "bawana", kamar yadda Damagarawa suka saba yi wa Kanawa rashin kunya. Sai ni daga unguwar Hindawiyya. Ranar Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa a gidan Ustaz, don shi ne mai garmaho na kirki da manyan sifiku.

Dokar zaman ita ce a kashe mukayyif. A Makka, da rani. Gurnaninsa yana cinye ƙananan sauti, don haka sai mu rufe taga, mu zauna muna ɗigar gumi kamar masu toya gurasa, sauti kuma ƙasa-ƙasa saboda maƙwabcin sama limami ne. Da an fara kiran magariba Ustaz zai ɗaga allurar garmaho, kiɗa ya tsaya. Kullum shi ke rigan kowa ji, ni sai na ga ya miƙe nake sanin an fara. Na ɗauka nuna mana tsoron Allah yake yi.

A wannan majalisa ni ne kunne. In aka samo faifai iri ɗaya, bugun ƙasashe biyu, a gabana ake sa su, in rufe ido, in yanke hukunci. Ni na ƙirƙiro kalmar da muke aunawa da ita: maiƙo. Faifan da sautinsa ya cika, ya yi taushi, ya zauna a ƙirji, yana da maiƙo. Wanda ya fito fayau amma a bushe, sai in ce ƙashi ne. Ustaz da duk takardunsa sai ya juyo ya ce, "Ya Shehu, me ka gani?" Ba a taɓa tambayata ra'ayi a kan komai ba a duniya, ko a gidana, sai a wannan ɗakin. Abin da nake taƙama da shi ke nan.

Sai ɗan Ustaz ya yi masa odar faifan Jar Ƙofa ta waya, bugun Japan. Faifaina, wanda na riga kowa sani, ga shi a hannun wani, cikin leda mai sheƙi, da wata 'yar takarda a ɗaure a gefe kamar ɗamarar amarya. Aka sa. Babu ƙas-ƙas ɗin nan irin na suyar ƙosai da na saba ji a nawa. Shiru ne tsaf, sannan kiɗa ya fito.

A waƙa ta biyu akwai wurin da komai ke lafawa, jita kaɗai ke tafiya, kafin ganga ta shigo. Daidai nan Ustaz ya ɗaga yatsa. Ya ce mu saurara, kujerar mai ganga ta yi ƙara, ya gyara zama kafin ya buga. Tela ya zaro ido ya ce wallahi ya ji, ƙiiƙ, kamar ƙyauren banɗaki. Suka juyo gare ni. Ni ban ji komai ba, jita ce kawai, sai gumin da ke gangaro mini a wuya.

Na ce na ji tun ɗazu, ina jira ne in ga ko za su lura. Na ƙara da cewa kujerar ƙarfe ce.

Ustaz ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "Tayyib," wato to, madalla. Sai ya shafa kwalin ya ce wannan bugu yana da maiƙo. Kalmata, a bakinsa, ba tare da ya tambaye ni ba. Na koma Hindawiyya a tasi.

Daga nan kujerar ta shiga rayuwata. Na wanke faifaina da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, babu kujera. Na canza allura, babu. Na je kasuwar tsofaffin kaya ta Jidda, na tono bugun Jamus a ƙarƙashin tarin tukwane, na kawo, na manna kai a jikin sifika har Hajiya, matata, ta tambaya ko aljanu nake saurare. Babu kujera. Na yanke cewa Japanawa ne suka ƙara ta don su sayar da kaya. Bayan kwana biyu na yanke cewa Ustaz ne ya ƙirƙiro ta, tela kuma ɗan amshin shata ne. Duk Alhamis kuwa sai an sa waƙar, sai an ɗaga yatsa, ni ma in ɗaga nawa, ina satar kallon hannun Ustaz don kada in makara.

Abin da ya fi ci mini rai, yanzu tela Ustaz yake tambaya. In na buɗe baki sai ya ce, "Bawana, bari masu kujera su yi magana." Har shayin gidan na fara jin haushinsa, don ya fi nawa daɗi.

To, ni Bakano ne. In ba a ba ni kujera ba, zan yi tawa. Wata Alhamis na ce musu, cikin sanyin murya kamar abin bai dame ni ba, ai a bugun Legas akwai abin da Japanawa suka goge. Bayan kujerar kaɗan, mawaƙin yana yin tari, sau ɗaya, can nesa da makirfo. Sai tsohon bugu, sai tsohon kunne. Na ce su zo gidana mako mai zuwa su ji. Dabarata ita ce, in na ɗaga yatsa, ko dai su yi ƙarya su ce sun ji, in san kujerar ma ƙarya ce, ko su ce ba su ji ba, in koma kan matsayina. Ta ko'ina ni ke da riba. Na faɗa wa Hajiya wannan dabara ina dariya. Ta ce Allah ya shirya, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Suka zo. Ɗakina ƙarami ne, tabarma da matasai, garmaho a kan akwatin kayan aiki. Na zauna inda na saba, ƙofar ɗakin Hajiya tana hagu da ni, labule a sake. Tun rana take turara ɗakin saboda baƙi, hayaƙin har ya yi yawa. Na kashe mukayyif, wanda ni na gyara shi kuma shi ya fi kowanne ƙara a unguwar. Tela ya ce gidan mai gyara ke nan, a ba shi mafici. Na sa faifai. Suyar ƙosai ta fara, ya ce a zubo masa na riyal ɗaya.

Waƙa ta biyu ta zo, kiɗa ya lafa. Na rufe ido, na murtuke fuska irin ta masana, na ƙirga a raina, na ɗaga yatsa.

Da na buɗe ido, tela ya dafe baki, kafaɗunsa na rawa. Ustaz kuma kansa a sunkuye, yana kallon kofin shayi.

"Kun ji?"

"Mun ji, bawana. Wallahi mun ji. Ashe Baturen har da mura."

Ustaz ya ɗago ya ce shi ma ya ji, sarai. Ya ce lallai bugun Japan ba shi da wannan, kuma ba zai taɓa samu ba. Sannan ya ce, "Ya Shehu, me ka gani, wanne ya fi maiƙo?" Rabon da ya yi mini wannan tambaya har na manta.

Na baje. Na yi musu bayani mai tsawo a kan yadda injin Legas yake danna faifai da ƙarfi, abin da ban san komai a kai ba. A raina kuwa ina cewa, kun ga maƙaryata, abin da babu shi ma sun ji. Ashe kujerar iska ce. Na ji wani daɗi ya ratsa ni har yatsun ƙafa, na leƙa labule na ce Hajiya ta ƙaro shayi da dabino. Ta miƙo tire tana goge ido da mayafi, ba ta dube ni ba. Na ce a raina hayaƙin turare ne.

Can Ustaz ya miƙe ya ɗaga allura, na gane an kira magariba. Tela ya riga mu sauka, yana dariya shi kaɗai a matakala. Ni da Ustaz muka biyo baya a hankali, saboda gwiwoyinsa. A tsakiyar bene ya tsaya. Yana gefen haguna, sai ya zagayo ta bayana ya dawo dama, ya riƙe hannuna. A lokacin na tuna cewa ya daɗe yana yin haka, a mota, a hanyar masallaci, ko'ina, ni kuwa ina ɗauka iyayi ne.

Har yau muna haɗuwa ranar Alhamis. Har yau ina ɗaga yatsa a wurin kujera, kuma har yau ina jin haushin bugun Japan, da shayinsa, da wannan kirkin nasa da ba ya bari mutum ya tsane shi cikin kwanciyar hankali. Abin da ya faɗa mini a benen nan dai ban taɓa ba shi amsa ba, shi ma bai sake tayarwa ba. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena na dama ya ce:

"Ya Shehu, Hajiya ce ta yi tarin, a bayan labule. Kowa ya ji sai kai. Kujerar ma ta sifikar hagu take fitowa."