Farha Mai Amba Ta Raba Gida Biyu

Farha matar marigayi Sion ba ta iya karatu ba, amma duk Yahudawan Rangun ta ƙasar Bama babu wanda ya kai ta tambaya. Tana yarinya aka sauko da ita daga jirgin Basra, ta tashi a gidan kawunta a bayan kasuwa. A nan ta koyi sana'ar da ta riƙe ta har tsufa, wato amba, ɗanyen mangwaro da ake jiƙawa da gishiri da kurkum har ya yi tsami. Tuluna arba'in da biyu ne jere a barandarta. 'Ya'ya maza biyu gare ta, Heskel babba da Na'im, kowa da matarsa. Heskel na da yara huɗu, Na'im uku. Da ita, mutum goma sha biyu ke ci daga tukunya ɗaya.

Ran Asabar takan hau benen mata a majami'ar Yahudawa ta kasa kunne. Ibraniyancin ba ya shiga kanta, don haka da an tashi sai ta tare Malam Yahuda, malamin majami'ar, a bakin ƙofa ya mayar mata da karatun cikin Larabci.

A ƙarshen 1941, ana ta raɗe-raɗin Japanawa na tafe, karatun mako ya faɗo kan Yakubu yana komawa gida, aka ce masa wansa Isuwa na zuwa da mutum ɗari huɗu.

"Malam, dabbobin da ya aika wa wansa, na ƙirga su," in ji Farha. "Awaki ɗari biyu da ashirin, tumaki haka, raƙuma talatin, shanu hamsin, jakuna talatin. Ɗari biyar da hamsin! Mutumin da Allah ya yi wa alkawari, me ya kai shi wannan ɓarna?"

"Farha, abincina zai huce."

"Ai na Asabar ne, tun jiya yake kan garwashi. Ba ni amsa."

Ya yi dariya ya ce malaman da sun ce shiri uku Yakubu ya yi, bai jingina da ɗaya ba: kyauta, da addu'a, da shirin yaƙi.

"Yaƙi da wa? Da mata da yara?"

"Raba zangonsa ya yi biyu. In an faɗa wa ɗaya, ɗaya ya tsira."

Kafin wata ya ƙare jiragen sama suka yi ruwan bama-bamai a bakin tashar ruwa. Farha ba ta tsaya kuka ba. Ta ce da kyauta za a fara. Na'im ya ce, "Inna, wa za ki kai wa? Japanawa ba sa cin amba."

"Akawun jirgin ruwa yana ci, sakarai."

Ta sa aka ɗauki tuluna uku aka bi ta da su. Ta dawo da wurin mutum shida a jirgin da zai tafi Kalkata ta ƙasar Indiya, ko ɗaya ba a ƙara mata ba. Addu'a kuwa, ta kunna fitilar mai a majami'a, ta ce sauran aikin Malam ne. Saura na uku, raba zango, kuma lissafin ya fita da kansa: Heskel da matarsa da yara huɗu, shida cif. Su tafi. Ita da gidan Na'im, su ma shida, su jira wani jirgin.

Abin da ta manta shi ne duk yaron da ya zauna gaban Malam ya san ƙarshen labarin. Da Isuwa ya matso, 'ya'yan da bayi suka haifa masa Yakubu ya sa a gaba, waɗanda ya fi so kuma can baya.

Da ta faɗi shirin ana cin abinci, Na'im ya ajiye cokali. "Ashe ni ne ɗan baiwa. Na gode, Inna. Gara da na sani."

"Rufe mana baki," in ji Heskel. "Wa ya ce maka zan tafi? In hau jirgi in bar uwata, a riƙa nuna ni a Kalkata ana cewa ga ɗan lele? Kai ka tafi."

"Sadaka za ka ba ni, Yaya? Riƙe abinka."

Kowa ya kafe. Akawun ya aiko cewa in ba su shirya ba, akwai masu jira da yawa.

Farha ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Malam Yahuda, ta same shi yana ɗaure littattafai da igiya.

"Malam, da ya raba zangon nan, raƙuma duk gefe ɗaya ya kai su, shanu gefe ɗaya?"

Ya saki igiyar. "Ba a faɗa ba. An dai ce ya raba mutane da garkuna biyu."

"Kai da kai ne fa?"

"Ni ban taɓa kiwon ko kaza ba. Amma makiyayi mai hankali ba zai so ya wayi gari babu raƙumi ko ɗaya ba. Ina jin kowane garke ya tsaga."

"Shi kansa kuma ina ya tsaya?"

"Wannan an faɗa. Ya wuce gabansu duka."

Ta koma gida ta tara su a baranda. Ta ce kowane ɗaki zai ba da mutum uku: uwa da ƙananan yaranta biyu. Uku da uku, shida. Maza biyu, da manyan jikoki uku, da ita kanta, su zauna.

"Yanzu wanne ne ɗan baiwa? Ku nuna mini shi in gani."

Masuda matar Na'im ce ta miƙe, domin babbar 'yarta Tuffaha tana cikin masu zama.

"Inna, shekararta goma sha ɗaya!"

"Na sani. Ta fi ƙannenta ƙafa. In ta kai ga tafiyar ƙasa, ita za ta iya, su ba za su iya ba."

"To ni in zauna, ita ta tafi."

"Wa zai shayar da na goye? Heskel?"

Jirgi ya tashi da shida. Wani jirgin bai samu ba, aka kuwa kai ga tafiyar ƙasa: jirgin ƙasa zuwa arewa, kwale-kwale, daga nan sai ƙafa a kan duwatsu. Duk shidan sun isa Kalkata. Sai dai zazzaɓi ya kama Tuffaha a hanya, ya tafi da jin kunnenta na hagu.

Farha ta ƙarasa rayuwarta a Kalkata, a ɗakin Na'im. Jikokinta sun sha tambayarta ko da za a sake, haka za ta raba. Takan ce mutum goma sha biyu ta lissafa, goma sha biyu ta samu, kunne kuwa bai shiga lissafinta ba. Masuda ce ta yi jinyarta har ta rasu, ta yi mata wanki, ta ba ta abinci a baki. Amma tun daga ranar barandar nan ba ta ƙara kiranta Inna ba.