Ranar da Aka Zaunar da Ƙadangare a Sahun Gaba

Na san Ƙadangare tun shekarar da na fito daga makarantar mishan na shiga ma'aikatar waya da tangaraho. Ni aikina a ofis yake, ina zana taswirar layuka da baƙar tawada, don a makaranta an hore mu kan rubutu mai tsabta har yatsunmu suka yi kanta. Shi kuwa aikinsa a sama yake. Mai hawa falwaya ne, siriri, da ɗamarar fata a ƙugu da filaya a aljihun baya. Idan ya rungumi itacen falwaya, kafin ka gyara tsayuwa ya kai ƙololuwa yana gyaɗa maka kai daga can. Gyaɗa kan nan ne ya ja masa sunan, kuma bai taɓa jin haushinsa ba.

A ma'aikatarmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba. Duk injiniyan da ya fito daga kwaleji, kome ƙarfin takardarsa, sai ya yi damina guda tare da masu hawa falwaya kafin a ba shi tebur. A kan haɗa shi da mutum ɗaya wanda zai riƙe masa tsani, ya nuna masa inda zai sa ƙafa. Daga ranar nan wannan mutumin ya zama yayan tsaninsa. Injiniyan zai kira shi Yaya har abada, ko da ya zama babban darakta, kuma yayan tsani ba ya jira a benci a ƙofar ofishin ƙanensa. Na ga manya masu mota da direba suna miƙewa tsaye don wani tsoho mai wandon kaki ya shigo. Mun ɗauki abin da muhimmanci, kamar dangantakar jini.

Wanda aka haɗa Ƙadangare da shi wani saurayi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da muke kira Tabarau. Lissafi ba ya ba shi wuya, amma yana tsoron sama. Ranar farko ya hau rabin tsani ya ƙame.

"Yaya, itacen nan motsi yake."

"Ba itacen ba ne, gwiwarka ce. Daina kallon ƙasa, ba abin da ka yar a nan."

"Idan na faɗo fa?"

"A kaina za ka faɗo, ni ne da asara. Hau mu tafi, rana na yi."

Haka ya lallaɓa shi har damina ta wuce, kuma bai taɓa kai labarin tsoron nan ofis ba. Ni ma sai bayan shekaru na ji, daga bakin Tabarau ɗin kansa.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Tabarau ya tafi kwas ƙasar waje, ya dawo injiniyan yanki, aka ɗauke shi zuwa sashen tsara manufofi, yana cikin waɗanda suka rubuta dokar da ta raba ma'aikatarmu ta buɗe ƙofa ga kamfanoni. Da aka kafa hukumar da za ta riƙa sa ido a kan kamfanonin, shi ne daraktan ba da lasisi na farko, daga baya ya zama Shugaban hukumar gaba ɗaya. Ban taɓa jin an kama shi da cin hanci ba, kuma aikinsa ya iya. Wannan dole in faɗa.

Ƙadangare kuma yana cikin waɗanda aka sallama lokacin da aka sayar da ma'aikatar. Bai zauna ba. Sabuwar dokar ta tanadi ƙaramin lasisi ga masu sana'a, wanda ya ba su izinin ja wa gidaje da ofisoshi waya da kuma gyaran eriya a kan dogayen ƙarafan kamfanoni. Ya karɓi nasa, ya kama shago mai ɗaki biyu a bayan tashar mota. Ɗakin gaba akwai benci da nadin waya jere a bango, na baya kuma ajiyar ɗamaru da igiyoyi da hulunan kwano. Ya tattaro tsofaffin abokan hawansa, cikinsu har da Bahago, mutum mai zafin rai wanda suka yi shekaru suna gardama suna kuma cin abinci a kwano ɗaya. Da masu ƙaramin lasisi suka kafa ƙungiya, Ƙadangare suka zaɓa shugaba. Ba don ya fi su magana ba. Kowa ya san shi ne yayan tsanin Shugaban hukuma, shi kaɗai ke shiga ofishin nan ba tare da sakatariya ta tambaye shi ko yana da alkawari ba.

Ni a lokacin na yi ritaya, nakan je shagon da hantsi in zauna a bencin, in rubuta musu wasiƙun neman aiki idan suna so.

Wata rana labari ya zo cewa hukuma za ta soke ƙaramin lasisi. Daga sabuwar shekara ba mai taɓa waya ko eriya sai babban kamfani mai motoci da inshora da injiniyoyi masu digiri. Idan haka ta faru, shagon Ƙadangare da na duk 'yan ƙungiyar sun mutu. Amma doka ta ce hukuma ba za ta canza ƙa'ida ba sai ta yi zaman jin ra'ayi, ta saurari waɗanda abin zai shafa.

'Yan ƙungiya suka taru a shagon, wasu a tsaye har bakin titi. Bahago ya zo da wani lauya, wanda ya ba su shawara ɗaya: kada kowa ya je zaman da sunan ƙungiya, a garzaya kotu tun yanzu a nemi a dakatar da komai, don hukuma ba ta ba su sanarwa yadda ya kamata ba.

Ƙadangare ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ni ba zan kai ƙanena kotu ba kafin in ji ta bakinsa."

"Ƙanenka na ina?" in ji Bahago. "Uwarku ɗaya?"

"Ka san abin da nake nufi."

"Na sani. Ni ma na riƙe wa wani tsani, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Naka ne ya lalace. Ku ba ni kwana biyu."

Washegari ya sa tsohuwar kwat ɗinsa, ya ce in raka shi. Ofishin Tabarau yana hawa na sama, da kafet mai laushi da sanyin na'ura. Tabarau ya yi furfura, ya yi jiki. Yana ganinsa ya taso daga bayan tebur, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya zaunar da shi, ya zuba masa shayi da kansa. Ƙadangare ya faɗi abin da ya kawo shi, har da maganar lauya, don shi ba ya ɓoye wa ƙanensa komai.

Tabarau ya cire tabarau ɗin yana gogewa. "Kotu kuma, Yaya? Ina raye? Ka zo zaman ka yi magana da sunan ƙungiyarku. Ni zan kira ka da bakina. Abin da muke so ke nan, mu ji daga gare ku."

"Ba a riga an gama ba dai?"

"Yaya, ai don haka ake zaman."

Na lura bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma a lokacin na ɗauka irin maganar manya ce. A hanya Ƙadangare har waƙa yake ƙasa ƙasa. Ya koma ya gaya wa ƙungiya cewa ya ɗauki nauyin abin a wuyansa, a sallami lauya. Aka sallame shi. Bahago ya tofar da yawu a ƙofar shago, amma ya bi ra'ayin jama'a.

Mako guda muka yi muna shirya jawabin. Ƙadangare yana faɗa, ni ina rubutawa da manyan baƙaƙe don idonsa ya yi rauni. Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, ta rage masa hannun kwat ɗin ta canza maɓallai. Tana yi tana tsokanarsa.

"Malam, ka dai riƙe kan nan naka. Kada ka je gaban manya kana gyaɗawa."

"Da shi kika gan ni kika ce kina so."

"Ban ga da kyau ba ne, kana can sama."

An yi zaman a babban zauren wani otal. Tebura da fararen ƙyallaye, ruwan roba a gaban kowa, masu ɗaukar hoto suna kai da kawo. Mutanen kamfanoni sun cika tsakiya. 'Yan ƙungiya suna can baya kusa da ƙofa, amma Ƙadangare wata yarinya mai ɗauke da fayil ta zo ta ja shi har sahun gaba, kujerar da aka liƙa wa sunan muƙaminsa. Ni ma aka ba ni ta bayansa.

Da lokaci ya yi, Shugaba ya miƙe ya ce kafin ya kira mai magana na gaba, yana so zauren ya san ko wane ne. Ya ba da labarin tsanin nan, da gwiwarsa mai rawa, da yadda aka rufa masa asiri. Aka yi dariya, aka yi tafi. Ya sauko daga dandamali da kansa ya riƙo hannun Ƙadangare ya kai shi gaban makirfo.

Ƙadangare ya yi magana mai kyau. Bai ɗaga murya ba. Ya ce su ne suka ja wayar da ke cikin bangon zauren nan, ya ce a gindaya musu kowane sharaɗi na tsaro za su cika, a ba su lokaci kawai kada a kashe su rana ɗaya. Da ya gama mutane suka miƙe tsaye suna tafi, har da na kamfanoni. Na waiga na ga Bahago ma yana tafi.

Da aka tashi shan shayi, wani mai kwat mai tsada daga ɗaya daga cikin kamfanonin ya zo ya gaishe shi da fara'a.

"Baba, ka burge ni. In kana da mutane masu ƙwari ka turo mana su, muna ɗaukar leburori. Motocinmu sun iso tun watan jiya, aiki zai yi yawa da zarar an fara."

"An fara me?"

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce bari ya amsa waya, ya wuce.

Ƙadangare ya ajiye kofinsa. Muka bi wani siririn lungu zuwa ɗakin da manya ke hutawa. Ɗan sandan ƙofa ya gane shi daga dandamali, ya buɗe masa. Tabarau yana tsaye shi kaɗai a gaban madubi yana gyara wuyan riga.

"An gama, ko?" in ji Ƙadangare.

Tabarau bai juyo da sauri ba. "Yaya, ba ni kaɗai ba ne. Akwai majalisar hukuma, akwai minista. Mutane suna faɗowa daga ƙarafan nan, ba inshora, ba kowa. Dole a gyara."

"Ban tambaye ka dalili ba. Ranar da na zo ofishinka, an gama?"

"An gama."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya maka, za ka zo yau?"

Ƙadangare ya juya zai fita. Tabarau ya fara cewa zai nema masa wani abu, mai ba da shawara ko makamancin haka, ba zai bar shi a wulaƙance ba. Ƙadangare bai tsaya jin ƙarshen ba. Da muka fito lungu sai ya ce mu bi ta ƙofar baya.

Da 'yan ƙungiya suka koma wa lauyan, ya ce yanzu ba abin da zai iya. Ƙorafinsu shi ne ba a saurare su ba, ga shi kuwa shugaban ƙungiyarsu ya yi jawabi a gaban kowa, an ɗauki hoto, an buga a jarida yana riƙe da hannun Shugaban hukuma. Ba alƙalin da zai ce ba a ji su ba.

Ƙadangare bai aika kowa ba, shi ya tara su a shago ya gaya musu duk yadda aka yi, har da abin da aka faɗa a gaban madubi. Ba wanda ya zage shi. Suka shiga ɗakin baya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki ɗamararsa da igiyarsa. Bahago ne na ƙarshe. Ya tsaya a ƙofa da hular kwano a hannu.

"Gaya mini gaskiya. Sayar da mu ka yi?"

"A'a."

"Da ma sayarwar ce, da na san abin da zan yi da kai," in ji Bahago, ya fita.

Aka soke lasisin a ranar da aka tsara. Ƙungiyar ta watse. Masu sauran ƙarfi suka shiga kamfanoni leburanci, Ƙadangare kuwa aka ce shekarunsa sun wuce na hawa. Ya saki shagon, ya kafa tebur a ƙofar gida yana gyaran fanka da dutsen guga. Tabarau ya gama wa'adinsa lafiya, aka ba shi lambar yabo, ya tafi wakiltar ƙasa a wata ƙungiyar sadarwa ta duniya, ya dawo ya zauna a majalisar daraktocin wani kamfani. Ya aiko direba da saƙo ba sau ɗaya ba. Matar Ƙadangare ce ke fita ta ce maigidan ba ya nan, alhali yana zaune a teburinsa direban yana ganinsa.

Abin da ya fi cin Ƙadangare ba shagon ba ne. Mutanen da ya yi rabin rayuwarsa da su ne suka daina biyowa ta layinsu. Idan ya hango ɗaya a kasuwa, shi ke fara kauce wa hanya. Bahago kuwa har ya rasu bara, bayan gajeriyar jinya, bai sake taka ƙofar Ƙadangare ba.

Ni na ci gaba da zuwa da hantsi. Ba ma tayar da maganar. Sau ɗaya kawai, yana cikin kwance wata fanka, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba.

"Kai da ka san rubutu, jawabin nan namu ya yi kyau kuwa?"

Na ce ya yi kyau ƙwarai.

"Haka na gani," in ji shi. "Da na yi shirme, da wataƙila ba su buga a jarida ba."

Ya miƙo mini murfin fankar ya ce in riƙe masa, ya ci gaba da aikinsa.