Shinkafar Yaya Hajara da Kular Alhaji

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hajara, kuma har yau a ƙauyenmu da ke gefen Bunkure, in abinci ya lalace sai ka ji an ce, "Hannun Hajara ya taɓa shi." Yaran da ke faɗar haka ko fuskarta ba su sani ba.

Ita ke dafa wa 'yan ƙwadagon gonar shinkafar wan mijinta, Alhaji Sale. Da can sau biyu take girki, ta kai da zafinsa. Sai Alhaji ya ga jiran abinci na cin lokacin aiki, ya sayo ƙatuwar kula, ya ce ta dafa tun asuba a ajiye a bakin gona, ba mai buɗewa sai an gama dashe. Ranar sai bayan la'asar aka buɗe. Mutane suka yi ta amai da gudawa, wani dattijo a cikinsu bai tashi ba.

Alhaji ne ya fara cewa mugun hannu gare ta. Daga nan ko biki ake ba a barin ta kusa da tukunya. In ta aika wa maƙwabta tuwo, sai a zuba wa kaji, a mayar mata da kwanon ko wanki babu. Matar da girki ne abin taƙamarta, haka ta rame ta ƙare tana tambayata, "Ladi, me na zuba a ciki?"

Ba ta zuba komai ba. 'Yarta Rabi, wadda ta yi karatun lafiya, ita ta fahimtar da ni bara. Akwai ƙwayoyin cuta a shinkafa da in sun ji wuta ba sa mutuwa, sai su dunƙule cikin ɓawo su yi lamo. Da abinci ya huce ya koma ɗumi-ɗumi sai su farfaɗo, su hayayyafa, su zuba dafin da ko an ɗumama ba ya fita. Wunin da shinkafar ta yi a kula shi ya ba su sarari.

Da Yaya na raye ta ji wannan, na san godiya ga Allah za ta yi, ta yafe wa kowa. Ni ban yafe ba.

Rabi ta dafa abinci ta kai wa Alhaji har zaure, ta durƙusa ta ce, "Baba, ba laifin Inna ba ne," ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana jan carbi, ya ce, "Allah ya jiƙan ta." Sannan ya tura kwanon gefe da ƙafa.

"Kai wa kaji, 'yar nan. Hannu gado ne."

Kular tana nan, da ita ake kai abinci gona.