Yadda Na Dawo da Ɗan da Ya Ɓata

Shekarar da na samu aiki a Abuja na yi abin da ire-irena ke yi, na kama ɗaki a Suleja. Gidan wata dattijuwa ne da duk unguwa ke kira Hajiya, 'yar asalin garin, tana sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli daga cikin gida. Da sassafe nake fita tarar mota, in dawo bayan magariba kamar an yi mini duka. A cunkoson Madalla, inda mota kan yi rabin awa ba ta motsa ba, na fara rubuta labari a waya don in rage zafin zama. Daga baya na buɗe guruf, ina sakin shafi ɗaya kullum, mata suna karantawa suna sharhi.

Har gobe ban gane abin da masu karatu ke so ba. In na yi yarinyar labarin talaka, a ce an gaji da talauci, a gida ma shi ake kallo. In na ba ta uba mai kuɗi, a ce ƙarya ta yi yawa. Wata ta taɓa bina ta gefe, wai don Allah in daina sa saurayin yana shan kofi, ita ba ta taɓa ganin Bahaushen da ke karya kumallo da kofi ba. Na mayar da shi kan koko da ƙosai. Washegari aka yi mini ca, wai na zubar masa da aji. Ni kuwa ga saurin fushi ga son a yaba, sai in yi ta gyara ina tsaki, in ɗinke nan can ya ɓarke.

Hajiya ce kaɗai ba ta ba ni ciwon kai. Ba ta yi boko ba, don haka Asabar da Lahadi bayan la'asar nake zama kusa da ita in karanta mata, tana ƙulla ƙuli a leda. Ba ruwanta da kofi ko koko. Iyakarta ta ce "Allah sarki," ko in mugun labarin ya yi abinsa ta ce, "Kai, wannan bai ji daɗin halinsa ba."

Akwai abin da na sani game da gidan tun watan da na tare. Ɗan Hajiya namiji ɗaya ne, ya tafi kudu saro kaya shekara bakwai kafin zuwana, bai dawo ba. Ba gawa, ba waya, ba wanda ya ce ya gan shi. 'Yarta, wadda nake kira Anti, malamar firamare ce a Chaza, ita ta yi ta lallashin uwar ta haƙura, a tara malamai a yi masa addu'a da sadaka yadda ake yi wa wanda ya rasu. A shekarar nan Hajiya ta yarda, aka ce bayan babbar salla. Anti da kanta ta gaya mini a bakin famfo.

"Ba wai na fi ta son a ce ya mutu ba ne," in ji ta. "Amma duk motar da ta tsaya a ƙofar gidan nan sai ta leƙa. Ko abinci take ci sai ta ajiye. Hawan jinin nan daga ina kike zato? So nake ta huta."

Duk na san wannan. Amma sai ga shi a labarina yarinyar tana da wa, na kuma tura shi neman kuɗi, na ce ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na rantse ba da niyya na yi ba. Tsaye yake a hanya, yana hana saurayin zuwa zance, na rasa yadda zan yi da shi sai na kawar da shi. Sai da nake karanta wa Hajiya wurin na gane abin da na yi. Daga ranar ta daina tambayar yarinya da saurayinta. Da na zauna za ta ce, "'Yar nan, ina labarin yaron nan?"

A guruf kuwa aka rabu biyu. Wasu suka ce in na kuskura na dawo da shi a ƙatuwar mota irin yadda aka saba, za su fice. Wata ta rubuto, "Haba sis, abeg, kar ki mana irin na kullum, mun haddace." Wasu kuma suka ce in na kashe shi ba su yafe ba, duniyar ma ta ishe su da mutuwa. Na karanta wannan na karanta wancan har kaina ya ɗau zafi. Daga ƙarshe na ce duk su je su ji da kansu, Hajiya zan faranta wa.

Na zauna na tsara masa dawowa ta gani ta faɗa. Baƙar mota mai duhun gilashi, shadda tana ɗaukar ido, buhunan shinkafa a but ɗin motar, yaran unguwa na bin sa da gudu. Ya durƙusa gaban uwarsa yana kuka. Ni kaina sai da na yi ƙwalla ina rubutawa. Ranar Asabar, kafin in saki shafin, na kai wa Hajiya da zumuɗina.

Ban kai ƙarshe ba ta ɗaga mini hannu.

"Dakata. Yana da mota?"

"Yana da ita, Hajiya."

"Yana da waya ke nan."

Na ce ƙwarai.

"Shekara nawa yana da su?"

Ni kuwa ban yi wannan tunanin ba.

"To wannan ai ba ɗan arziki ba ne. Yana ci yana sha yana hawa mota, uwarsa na nan tana leƙen hanya, bai taɓa cewa bari in ji ko tana da rai ba? Ni da a ce nawa ne, gara a ce mini ƙasa ta rufe shi." Ta ja ledar ƙulin da ƙarfi har ta yage. "Nawa ba zai yi haka ba."

Na koma ɗaki jikina a sanyaye. Ni da na zo da abin daɗi, ashe zagi na kawo mata. Na goge shafin. Tunda ta ce gara mutuwa, na rubuta mutuwa: wani baƙo ya zo da jakarsa da labarin inda aka binne shi. Na ga hakan ma zai yi daidai da shirin Anti. Ranar Lahadi na fito da wayar a hannu, na hango Hajiya a kan tabarma har ta gyara mini wurin zama. Na kasa karanta mata. Na ce mata caji ya ƙare, na juya.

Mako guda ban saki komai ba. Ana ta jefo mini tambaya ko lafiya, wasu har da gorin wai na fara jan aji. Ni kuwa na rasa tudun dafawa. In yana raye, ya yi watsi da uwarsa. In yana ƙaunarta, to ya mutu. A mota ina kallon Dutsen Zuma ina juya abin, sai dabarar da na fi raina wa marubuta ta faɗo mini: ya yi hatsari, ya bugu a ka, ya manta ko shi wane ne. Yana raye a wani gari yana dako a kasuwa, bai san sunansa ba, bai san yana da uwa ba. Wata rana wani ɗan garinsu ya gan shi.

Na rubuta na saki. Na san abin da zai biyo baya a guruf, kuma bai saɓa ba. Aka yi mini dariya son rai. Wata ta ce, "Shi ke nan, an zo wurin. Saura ya sake buguwa ya tuna." Wasu suka fice ba ko sallama. Abin mamaki, wasu daga cikin waɗanda suka rantse sun gaji da irin wannan su ne suka fi kowa neman ci gaba. Na daina ƙoƙarin fahimtarsu.

Hajiya kuwa ta saurara har ƙarshe, hannunta bai taɓa ƙuli ba. Da na gama sai ta matso.

"'Yar nan, tsakaninki da Allah. Akwai irin wannan ciwon?"

Gaskiyar magana, a littattafai kawai na san shi. Ban taɓa ganin mai shi ba, ban kuma san wanda ya gani ba. Amma yadda ta kafe ni da ido, sai na ji bakina ya ce, "Ana yi, Hajiya. Na ji ana faɗa."

"Mutum ya manta har uwarsa, ba don ya ƙi ta ba?"

"Ba don ya ƙi ta ba."

Ta ce, "Ikon Allah." Ta sa na maimaita mata wurin har sau uku. Daren ranar ta cinye tuwonta tas, na ji tana hira da maƙwabciya har da dariya. Na ji daɗi, har ina yaba wa kaina.

Kwana huɗu bayan haka Anti ta shigo ɗakina ba ta ko cire hijabi ba.

"Me kika karanta wa Hajiya?"

Na gaya mata.

"Ta ce a fasa sadakar. Wai ba za ta yi wa mai rai addu'ar matattu ba. Na riga na gaya wa malamai, na gaya wa dangi." Ta tsaya a kaina. "Shekara bakwai ina jan ta zuwa nan. Kin san sau nawa na kai ta asibiti? Ke kin zo da tatsuniyarki ta waya kin mayar da ita farko."

Na ba ta haƙuri. Na ce zan je in gaya wa Hajiya ƙirƙira ce kawai, ban san komai a kan ciwon ba.

"Je ki mana," in ji ta. "Kin ga yadda take cin abinci kwanan nan? Je ki gaya mata." Sai ta zauna a bakin gadona ta fashe da kuka. Ita ma ba ta san wanne take so ba. Ban je ba, ita ma ba ta sake cewa in je ba.

Ranar Litinin da safe, na saɓa jaka zan fita, na tarar da Hajiya a zaure tana jirana. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan ƙaramin hoto irin na katin shaida, gefensa ya tauye.

"Ke da kike bin hanya kullum," ta ce, "ki dinga dubawa. Masu dako, da masu tura baro, da waɗanda ke zaune a gindin gada. Yana da tabo a nan, saman gira. In kin gan shi kada ki kira sunansa da ƙarfi, kada ya tsorata. Ki yi masa a hankali."

Na buɗe baki in faɗi gaskiya. Ta kama hannuna ta danƙa mini hoton, ta rufe yatsuna a kansa.

"Allah ya yi miki albarka. Maza, kada mota ta wuce ki."

A ranar ban rubuta ko layi ɗaya ba. Da muka shiga cunkoson Madalla na roƙi wanda ke gefen taga mu yi musayar wuri, na sauke gilashi, na fara duban goshin mutane ɗaya bayan ɗaya.